Ranar da Tokuzo Ya Watsa Furen Sarki

In ana lissafin masu cika baki a garin Ogurano, da Tokuzo mai moci ake farawa, a kansa kuma ake tsayawa, don bai rage wa kowa wuri ba. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, muryarsa ta fi shi girma. Idan ya kamo kifi kamar ɗan yatsa da safe, kafin yamma kifin nan ya kusa kifar da kwalekwale. Sana'arsa kam, a faɗi gaskiya, ya iya ta: a turara shinkafa mai danƙo, a kirɓa ta a turmi har ta zama curi mai laushi, a mulmula, ga moci. Wannan gadonsa ne. Rufe baki ne dai bai samu wanda zai gada a wurinsa ba.

Abin taƙamar gidansu guda ɗaya ne tak. Duk shekara a bikin kaka, bayan an kai sabuwar shinkafa haikalin kan tudu, sai a kafa dogon dandamali na katako, mutum ɗaya ya ɗaura jar ɗamara ya hau, ya yi ta watso wa jama'a moci, yara da manya suna wawaso a ƙasa. Kakan Tokuzo ne ya fara hawa, ubansa ya karɓa, shi ma ya karɓa. A ransa, in ka raba shi da jar ɗamarar nan ka gama da shi.

To, bara sai ya jawo wa kansa. Ya hau dandamali, maimakon ya watsa moci sai ya buɗe jawabi a kan tarihin gidansu. Yana cikin ba da labarin kakarsa ta wajen uwa hadari ya haɗu, ruwa ya tsuge, mocin ya jiƙe ya zama kunu a cikin kwanduna. Dattijo Manzaburo, mai garin, ya kira shi gefe ya ce masa bana ce damarsa ta ƙarshe. In ya sake ɓata biki, za a ba wani ɗamarar. Kowa kuwa ya san wanin nan: Rihei mai awara, wanda shagonsa ke kallon na Tokuzo, wanda ya daɗe yana raɗa wa dattawa cewa soyayyiyar awara ma tana jefuwa.

Wata safiya Rihei yana share ƙofar shagonsa ya ɗago kai.

"Tokuzo, bana ma jawabi za mu ci, ko dai za a samu ɗan moci?"

"Kai dai ji da awararka. Abinci ba ƙashi ba ɗanɗano, sai ka ce mai yin sa."

"Mai yin sa dai gashin shaho biyu ne a ƙofarsa. Kai fa? Goran ruwa. A ƙwanƙwasa a ji fanko."

Nan ne ya taɓa masa inda ke ciwo. Kowane gida da tambarinsa, yana jikin labulen ƙofar shago, yana bayan baƙar rigar biki, yana jikin fitilun takarda, har kan dutsen kabari. Na Rihei gashin shaho ne, wai ya samo shi daga wata kakarsa 'yar gidan mayaƙa. Na su Tokuzo kuwa goran ruwa ne guda ɗaya, ɗan ƙugunsa a tsuke, kuma tun yana yaro yake jin kunyarsa. Ya shige ciki yana huci, bai ko mayar da magana ba, abin da ya sa Rihei ya ɗan ji tsoro.

Akwai wani labari a gidan. A zamanin kakansa, ayarin wani basarake ya bi ta garin zai je babban birni, sai wani ɗan dako a cikinsu ya tsaya ya sayi moci biyu. Iyakar abin da ya faru ke nan. Amma labarin ya daɗe a bakin Tokuzo yana ƙiba: ɗan dako ya zama bafade, bafade ya zama babban hadimin fada, har dai aka wayi gari Mai Martaba Sarki da kansa ne ya ci mocin, ya lumshe ido, ya nemi ƙari.

Da hantsi suna kirɓi, shi riƙe da ƙatuwar gudumar itace, matarsa Okume durƙushe gefen turmi tana jiƙa hannu tana juya shinkafar tsakanin duka da duka, sai ya ce:

"Okume, na gama da gora."

"Wane gora?"

"Tambarin gidan nan. Daga yau furen kiku za mu sa, mai ganyaye a kewaye kamar hasken rana."

"Kiku ai iri-iri ne. Wanne?"

"Mai ganye goma sha shida."

Okume ta janye hannunta, ta goge shi a jikin zaninta a hankali, ta dube shi.

"Maigida, wannan na Mai Martaba ne shi kaɗai. 'Yan'uwansa na jini ma ba su sa irinsa, balle mai moci."

"Wanda ya ci mocin gidanmu ai ya zama na gida."

"Ɗan dako ne ya ci. Kuma mahaifiyarka ta ce min har ya yi ƙorafin tauri."

"Haƙoransa ne ba su da kyau. Juya min shinkafa."

Da ya gama ya saɓa farin yadi a kafaɗa ya nufi marinar Iya Oshige, tsohuwar da ke rina labulen kowane shago a garin. Ya same ta zaune bakin tukunyar shuni tana zuƙar lofe.

"Iya, na kawo miki aikin da za a riƙa tunawa da ke saboda shi."

Ta saurare shi har ƙarshe, ta fesar da hayaƙi.

"Ni a kan tabarmata nake so in mutu, ɗan nan, ba a ɗakin 'yan sanda ba."

"To a rage ganye ɗaya."

"Ko uku ka rage. Doka ta ce har mai kama da shi ba a yarda ba. Tashi min daga kan murfin tukunya."

"Tsoro ne ya kashe garin nan."

"Tsoron ne ya kawo ni shekarun da kake gani. Gaida Okume, ka ce ina taya ta haƙuri."

Mutum mai hankali a nan zai koma gida ya sha shayi ya manta. Tokuzo shuni ya saya. Ya ce rini wane abu ne, ai ya sha ganin yadda ake yi: a zana tambarin da kullun shinkafa, a bari ya bushe, a tsoma a shuni, inda kullun ya rufe ya fito fari. Ya shimfiɗa yadin a bayan gida, ya zana furensa yana fito da harshe, ya bar shi a rana ya tafi ba masu aski labarin abin da ke tafe. Kafin ya dawo kajin maƙwabta sun gano cewa an yi musu walima. Ya kore su da tsintsiya, ya cike inda suka tsattsage da yatsa, ya tsoma. Yadin ya rinu, hannuwansa sun rinu har gwiwa, rabin gemunsa ma ya samu rabonsa.

Washegari ya sauke tsohon labulen gora ya rataya sabon, ya tsaya a gefensa ya harɗe shuɗɗan hannuwansa a ƙirji yana jiran gari ya girgiza.

Wanda ya fara tsayawa wani mai amalanke ne daga ƙauye. Ya dubi labulen, fuskarsa ta washe.

"Madalla. Ashe an samu mai gyaran ƙafar amalanke a garin nan. Tawa ta baya ce ke ta kuka."

"Ƙafar me? Buɗe idonka da kyau."

"Na buɗe. Sai dai in ita ce samfurin aikinka, gara in ƙarasa da tawa haka."

Bayansa wata tsohuwa ta zo da yagaggiyar lema a ɗinke mata. Rihei kuwa ya fito da kujera ya zauna a ƙofar shagonsa, ya ce yau ba zai yi ciniki ba, kallo ya fi riba.

Ana haka sai ga Kuroiwa, ɗan sandan garin, dogon mutum mai murɗaɗɗen gashin baki, baƙo daga kudu, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Takobinsa na bugun cinyarsa, ya ja ya tsaya, ya karkata kai hagu, ya karkata dama.

"Mene ne wannan?"

Tokuzo ya cika ƙirji da iska. A ƙarshe ga mai ido.

"Ranka ya daɗe, wannan da kake gani ai..."

Okume ta fito kamar an harbo ta, ta ɗora takalminta na katako a kan babban yatsan ƙafarsa, ta tsaya a kai da duk nauyinta.

"Saƙar gizo-gizo ce, ranka ya daɗe. Sabon tambarinmu ne."

Kuroiwa ya sake duba.

"Gizo-gizon ya sha giya kafin ya fara aiki," ya ce, ya wuce abinsa.

Ba zafin yatsa ne ya hana Tokuzo cin abinci ranar ba. Baƙin ciki ne. Ya saɓa dokar ƙasa da rana tsaka a bakin titi, kuma ko mutum ɗaya bai lura ba. Okume ta sauke labulen ta mayar da na gora, ta yanka shuɗin ta yi tsummokaran goge ƙasa, ta ɗauka magana ta mutu. Shi kuwa abin da ya fahimta daban ne: ba a ra'ayinsa matsalar take ba, a zanen take. Abin da yake bukata shi ne furen na ainihi.

Furen na ainihi kuwa yana cikin gidansa, sama da kansa. Shekarar da ayarin Sarki ya ratsa lardin, an raba wa tsofaffin da suka yi nisa sosai a shekaru kyautar ƙoƙon azurfa daga fada, mahaifin Okume yana cikinsu. A tsakiyar ƙoƙon ga furen nan ya taso ɓaro-ɓaro, kowane ganye a wurinsa. Ba a taɓa shan komai da shi ba. Yana naɗe cikin siliki a akwatinsa, a kan kantar sama inda ake ajiye abin bauta. Sau ɗaya a shekara Okume ke sauko da shi, ranar sabuwar shekara, ta buɗe, ta rusuna, ta tuna da babanta, ta mayar.

Jajibirin biki mata suka taru a haikali don girki. Tokuzo ya ce da matarsa ta tafi kawai, shi kaɗai ya isa.

"Wa zai juya maka shinkafa?"

"Ni da na taɓa kirɓa turmi uku a lokaci ɗaya?"

"Yaushe?"

"Kafin in aure ki. Je ki, ana jiran ki."

Tana fita ya sa sakata. Kirɓin ya ba shi wuya, don sau biyu yana mance cewa hannun da ke juyawa nasa ne, amma ya gama. Ya taka turmi ya sauko da akwatin, ya rusuna masa a gurguje don kada a ce ba shi da ladabi, ya ɗauki curin moci mai ɗumi ya danna a cikin ƙoƙon. Na farko ya manne ya ƙi fita, sai da ya sa cokali ya ƙwaƙulo shi. Na biyu ya barbaɗa gari tukuna. Da ya kife ƙoƙon a tafin hannunsa, sai ga furen Sarki zaune a kan moci, fes, ko a jikin kuɗi bai fi haka kyau ba. Tokuzo ya yi ƙwalla don murna. Ya wuni yana dannawa yana kifewa, ya turbuɗe su da garin shinkafa, ya jera a kwanduna, ya rufe da farin ƙyalle ya ɗaure tam. Ƙoƙon ya goge shi da hannun riga ya mayar.

Okume ta dawo ta tarar da shi yana murmushi shi kaɗai.

"Me ka yi?"

"Gobe kya gani."

"Duk ranar da ka ce min haka, sai na bi gida-gida ina ba da haƙuri."

Ranar biki aka tashi da yayyafi, zuwa hantsi rana ta fito, amma filin haikali ya riga ya zama taɓo. Hakan bai hana kowa zuwa ba. Ganguna na tashi, mata sun ware habar riguna don tara, yara sun cika gaba suna tsalle, tsofaffi sun ajiye sanduna sun gyara tsayuwa, don wawason moci ba ya sanin girma. Dattijo Manzaburo ya ɗaura wa Tokuzo jar ɗamara da hannunsa, ya ja kullin da ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

"Ban da jawabi."

"Kalma biyu kawai, Baba."

"Ko ɗaya."

Ya hau tsani, aka miƙa masa kwandunan. Da ya ga kawunan mutane a ƙasansa sai bakin ya ƙwace masa.

"Jama'ar Ogurano, yau za ku riƙe abin da ba ku taɓa riƙewa ba, ba kuma za ku ƙara ba."

A duk rayuwarsa wannan ce maganar da ya faɗa ta fito daidai.

Ya kwance ƙyalle ya fara watsi, hannu bibbiyu, gabas da yamma. Fili ya kaure. Ana ture-ture, ana dariya, wani ya cafe a sama, wani ya bi nasa cikin taɓo da rarrafe. Malamin makarantar garin, wani siriri mai tabarau, ya samu nasa ya faɗo masa a cikin hula. Ya ɗauka, ya hure garin da ke kai don ya kai baki, sai ya tsaya. Ya gyara tabarau, ya ga furen Sarki. Ya haɗe dugadugansa, ya ɗora mocin a tafukan hannu biyu ya ɗaga shi sama da goshinsa, ya sunkuyar da kai.

Na kusa da shi ya duba nasa. Na kusa da wancan ma ya duba. Shiru ya fara daga wannan kusurwa ya bi filin yana cin hayaniya, har ya kai ga masu ganga, sandunansu suka tsaya a sama.

Daga kan dandamali Tokuzo ya ga garin gaba ɗaya ya sunkuya, hannuwa a sama. Daɗi ya kusa kayar da shi. Ya nemo Rihei da ido, ya same shi shi ma a sunkuye, ya ce a ransa yau gashin shaho ya ga abin da ya fi shi. Sai ya rungumo wani kwandon ya ƙara watsowa.

"Maigida, tsaya!" Okume ke nan daga ƙasa. "Tsaya haka nan!"

"Bari su samu, Okume, akwai da yawa."

Kuroiwa ya ga furen Sarki yana shawagi a iska zai faɗa taɓo. Mutumin da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba ya cire hula ya yi tsalle, ya tare ɗaya, ya tare na biyu da ƙirji, na uku ya bi shi da nutso ya sauka a kan cikinsa, taɓo har gashin baki. Ya miƙe a hankali, hular a sama da kansa, ya buɗe murya.

"Kowa ya tsaya yadda yake. Wanda ƙafarsa ke ƙasa kada ya ɗaga, wanda tasa ke sama kada ya sauke. Kai na sama, in ka ƙara jefo ɗaya sai na hau na jefo ka."

Haka fili ya ƙame. Ga moci warwatse cikin taɓo ko'ina, ba mai iya motsi kada ya taka. Mai sayar da gawayi ya tsaya da ƙafa ɗaya yana rawa. Matar mai aski, wadda aka ture ta faɗi zaune, ta ce da ƙaramar murya tana jin kamar akwai wani abu mai laushi a ƙarƙashinta, ta tashi ko ta zauna? Kuroiwa ya rufe ido ya ce ta yi rabi da rabi.

Sai aka ji wani gurnani. Tsoho Gensuke ne, mai kaɗa ƙararrawar haikali, wanda ba ya gani sosai kuma ba ya jira. Tun na farko da ya faɗo ya cusa shi a baki, kumatunsa sun kumbura, idanunsa sun firfito.

"Kada ka haɗiye," in ji Kuroiwa.

Tsoho ya sunkuya zai tofar.

"Kada ka tofar."

Tsoho ya dube shi da idanu masu ruwa, ya ɗaga hannuwa yana tambayar to ya zai yi. Kuroiwa ya ce ya riƙe shi a nan cikin ladabi har a samu umarni.

Wanda bai ji umarnin ba shi ne karen mai garin. Ya ratso tsakanin ƙafafun mutane, ya sunsuna, ya zaɓi mai tsabta, ya haɗiye shi a loma ɗaya, ya kama na biyu ya yi bayan haikali da shi.

"A kama karen nan," in ji Kuroiwa.

"Ranka ya daɗe," in ji Rihei, kansa na sunkuye, "ba mai iya motsi. Kuma in an kamo shi, ta gaba za mu rusuna masa ko ta ciki?"

Wani ya yi tari don ya danne dariya. Ba wanda ya taya shi, don kowa ya san wannan magana tana iya kai garin gaba ɗaya gaban alƙali.

Aka shiga shawara daga inda kowa yake tsaye. Mai gawayi ya ce a ƙone su. Malamin makaranta ya ce wa zai kunna wa furen Sarki wuta? Wani ya ce a binne, aka ce a ƙarƙashin ƙafafun mutane ke nan. A zuba a kogi, kifi zai ci. Tokuzo, wanda sai yanzu ya fara jin iskar saman dandamali ta yi sanyi, ya leƙo ya ce shi yana da dabara: a mayar da su turmi ya kirɓe su, furen ya ɓace, shi ke nan.

"Da guduma," in ji Kuroiwa a hankali. "Za ka sa guduma."

"A'a, ranka ya daɗe, da ma misali ne."

A ƙarshe Kuroiwa ya yanke: wannan ya fi ƙarfinsa. Za a tsince su ɗaya bayan ɗaya da hannu biyu, a goge, a jera a babban kwando, a kai wa manyansa a babban garin lardi su san yadda za su yi. Kwandon kuma ba zai yi ƙasa da kan kowa ba a hanya. Aka fara tsinta daga gefe ana buɗe wa mutane wurin taka ƙafa. Manya suka miƙa nasu da sauri, har da ajiyar zuciya. Yara ne suka ƙi. Shekara guda suna jiran ranar nan, ga moci a hannu, mai laushi, mai ƙamshi, iyayensu kuma suna ɓamɓare yatsunsu suna karɓewa. Kuka ya tashi ta kowane gefe.

Okume ta matso gindin dandamali. Ba ta ɗaga murya ba.

"Maigida, ina ka samo furen?"

Ya kawar da kai.

"Ƙoƙon babana," in ji ta.

"Na goge shi, Okume. Na mayar da shi yadda yake."

"Shi ma za a tafi da shi," in ji Kuroiwa. "Shaida ne."

Okume ta dubi mijinta, ta daɗe tana dubansa, sannan ta juya ta tafi ɗauko akwatin da kanta, don ta ce ba ta yarda wani hannu ya ƙara taɓa shi ba. Da ta yi masa masifa a gaban mutane da ya fi masa sauƙi.

Dattijo Manzaburo ya kama tsani ya hau, yana hutawa a kowane mataki. Da ya kai sama ya sa hannu a kullin jar ɗamarar. Tokuzo ya riƙe ta.

"Baba, girma na so in jawo wa garin."

"Ka ji kukan can? Ban taɓa jin yaro ya yi kuka a gindin dandamalin nan ba sai yau. Sake ta."

"Baɗi zan gyara. Na rantse ko tari ba zan yi ba."

"Baɗi kana ƙasa kana wawaso kamar kowa, in sun sako ka. Sake ta, Tokuzo."

Ya sake. Dattijo ya naɗe ɗamarar a hannunsa ya leƙa ƙasa.

"Rihei, akwai awara?"

"Akwai 'yar kaɗan, Baba. Na soya don ko-ta-kwana."

'Yar kaɗan ɗin sai da mutum huɗu suka ɗauko ta.

Aka ɗora wa Tokuzo babban kwandon a ka, aka ce ya riƙe da hannu biyu, kada ya karkata. Tsoho Gensuke ya riga ya warware tasa matsalar, don atishawa ta zo masa, abin ya wuce ciki ba da nufinsa ba, aka rubuta shi a matsayin tsautsayi. Kuroiwa ya wuce gaba, taɓo na bushewa a rigarsa, Okume na biye a baya rungume da akwatin. Suka fara sauka matakalar dutse ta haikali. Duk wanda suka gamu da shi a hanya, da ya ji abin da ke cikin kwandon, sai ya ja gefe ya cire hula ya rusuna har ƙasa.

Ba su kai rabin matakalar ba ganguna suka dawo. Sai ihun yara, irin ihun da ya sani tun yana kan kafaɗar ubansa, wanda ke tashi daidai lokacin da hannu na farko ya watsa. Tokuzo ya fara juya wuya.

"Kai a miƙe," in ji Kuroiwa ba tare da ya waiwayo ba.

Ya miƙar da kai. Hawaye suka gangaro suka bi ta cikin shuɗin gemunsa, hancinsa ya fara zuba, ga hannuwa duka biyu a sama riƙe da kwando. Tafiya ce mai nisa zuwa garin lardi, kuma har suka isa ba wanda ya ji muryarsa.